Kuskuren Malam da Na Kai Porto-Novo

Tun da na dawo daga Jamhuriyar Benin ban huta ba. A ɗakin malamai a tambaye ni, a gidan suna a tambaye ni, har mai sayar min da tumatir a kasuwar Gudu sai da ta ce, "Anti Hajara, an ce kin je ƙasar waje, ina tsarabarmu?" Ƙasar wajen da aka je a mota! To ga labarin nan gaba ɗayansa, kowa ya karanta ya shafa min lafiya. Amma ku sani tun yanzu, ba yawon buɗe ido na je ba.

Ga waɗanda ba su san ni sosai ba, shekara goma sha ɗaya ke nan ina koyar da fiziks a wata sakandare a nan Abuja, ina kuma jan karatun digiri na uku a gefe. Mai duba aikina wani dattijon farfesa ne da ke zaune a Karu. Ba za ku ji sunansa a bakina ba, don sunansa ɗana na biyu ya ci, shi ya sa muke kiran yaron Abba. Malam nake ce masa. Shi ya tsamo ni lokacin da na riga na haƙura da karatu. Shi ya taka har shagon kayan wuta na maigidana, Baban Nana, ya zauna a benci awa biyu yana lallashinsa ya bar ni in koma makaranta.

Aikinmu a kan baƙin rami ne. Wuri ne a sararin samaniya inda nauyi ya taru ya yi yawa, har ko haske ya faɗa ba ya fitowa. Yana da baki, iyakar da in aka tsallake ta an gama. Abin mamakin shi ne wannan bakin yana da zafinsa kamar kowane abu, yana kuma da abin da muke kira entirofi, wato ma'aunin yawan abin da ya ɓuya a bayansa. Gwargwadon faɗin bakin, gwargwadon entirofin. To sararin da muke ciki kuma kullum buɗewa yake yi yana ƙara sauri, saboda haka akwai iyaka ta biyu can nesa, wadda hasken abin da ke bayanta ba zai taɓa iso mu ba. Ita ma da nata zafin da nata entirofin. Yadda na kwatanta wa Baban Nana shi ne rijiya a tsakar gida, katanga a kewaye, kuma duk lokacin da rijiyar ta ƙara faɗi sai katangar ta matso ciki. Ya ce ai ya gane, gidan haya ne a Kurudu.

Shekara biyu da suka wuce Malam ya buga wata takarda a mujallar masana. Ya nuna cewa a wani irin baƙin rami, rijiyar da katangar za su iya daidaita zafinsu su zauna a haka, ko an taɓa su su koma daidai. Ita ce abin alfaharinsa na tsufa. Ni kuma ina sake bin lissafin don babi na uku na kundina, sai na ci karo da layi na sha bakwai. Malam ya sa alamar tarawa inda ya kamata ya sa ta ɗebewa. Abin da katanga ta rasa sai ya ƙirga shi a matsayin ƙari. Da an gyara alamar, zaman lafiyar nan ya rushe, ana ɗan taɓa su sai zafin ɗaya ya guje wa ɗaya. Na sake lissafin har na gaji ina fata ni ce na ɓata. Ba ni ba ce.

Na riƙe maganar a cikina har wata takwas. Duk Asabar in je Karu, in gaishe shi, in sha kunun Hajiya matarsa, in dawo da maganar a bakina. Baban Nana kaɗai na faɗa wa, ya ce in gaya masa mana, mene ne a ciki. Na tambaye shi ko shi zai iya duban idon mahaifinsa, Alhajinsu na Katsina, ya ce masa ya yi kuskure. Ya ɗauki hularsa ya fita masallaci. Ana haka ciwon ido ya kama Malam, abu kamar wasa, kafin damina ta ɗauke ko babban rubutu ba ya gani. Sai ga gayyata ta zo masa zuwa taron masana na mako guda a kusa da Porto-Novo, ya gabatar da wannan takardar dai. Ya kira ni ya ce, "Ke za ki je ki tsaya a madadina. Babu wanda ya san aikin nan kamarki." Wallahi gaskiya ya faɗa, kuma ita ce ta fi yi min ciwo.

Ta ƙasa na bi, don ni da jirgin sama ba ma ga maciji. Bayan sallar asuba muka tashi daga tashar Utako. Allah ya haɗa ni kujera da wata Bayarabiya, Mama Iyabo, mai shagon atamfa a Karu, za ta Kwatano saro kaya. Kujera ɗaya da rabi ta ci, ni na lallaɓa da rabin. Hausarta irin ta Abuja ce, mace ma "kai" ce. Tun Gwagwalada take leƙen takardun da ke cinyata, da muka wuce Abaji ta kasa daurewa.

"Kai yarinya, jarrabawa za ka rubuta ne? Fuskarka kamar an mutu."

Na ce mata aiki ne a kan wani abu da yake ci ba ya ƙoshi, in ya ci ya yi ƙiba sai ya yi sanyi, in ya rame sai ya ɗau zafi. Ta ce ta san shi, shekara talatin suna aure. Dariyar da ban yi ba a wata takwas na yi ta a motar nan har da hawaye. A Lokoja ta hana ni sayen kifin da na nuna, ta ce na jiya ne, ta ja ni wajen wata mata can ciki. Bayan Okene taya ta fashe, muka zauna awa biyu a gindin wata bishiya, na shimfiɗa mayafi na yi azahar, ita tana kore min awaki.

Muna isa Legas na ce zan nemi masauki, ta ce in ta bar ni na kwana otal Allah ya tambaye ta. Gidan yayarta ta kai ni a Agege. Aka kawo amala da miyar ewedu, barkono kamar an yi faɗa da shi, ina ci ina sharɓar hanci ina cewa ta yi daɗi. Sai 'yar gidan, budurwa, ta ɗanɗana ta ce wa uwarta gishiri bai ji ba. A gaban baƙuwa! Na sunkuyar da kai ina jiran tsawa. Uwar ta lasa, ta gyaɗa kai, ta miƙa mata gwangwanin gishiri, aka ci gaba da hira. Mu da a gidanmu ne, da mun cinye lami mun sa wa Inna albarka.

Washegari muka bi ta Badagiri zuwa bodar Seme. Abin da ya fara tarbata shi ne Hausar Kano, 'yan canji a jere suna "Hajiya, sefa ko naira?" Sai na ji kamar ban bar gida ba. Da aka zo duba katin rigakafin shawara na laluba jaka babu shi. Na zazzage akwati a kan benci a gaban jama'a, ga yaji, ga kilishi, ga takardun Malam iska na kwasa ina bi. Mama Iyabo na tsaye tana kallona, sai da na fara salati sannan ta zaro shi daga jakarta. Ashe tun da safe ta ɗauke shi daga kan tebur ta haɗa da nata, wai ta ga alamar zan yar.

A ɓangaren Benin jami'in ya tambaye ni da Faransanci me ya kawo ni. Ni kuwa daga gaisuwa Faransancina ya ƙare. Mama Iyabo ta juye masa Yarbanci, ashe yana ji, ta ce masa ni likitar taurari ce. Bawan Allah ya ajiye hatimi, ya miƙo min tafin hannunsa in duba masa ko zai samu ƙarin girma bana. Da ƙyar muka fahimtar da shi ba irin wannan duban nake yi ba. Ya buga hatimin dai, amma da ganinsa ya raina karatuna. A mararrabar da hanya ta rabu, ɗaya Kwatano ɗaya Porto-Novo, Mama Iyabo ta sa ni a tasi, ta ja wa direban kunne, ta cusa min sauran kifin jiya a jaka. Ban ko san cikakken sunanta ba. Allah ya saka mata da alheri, ya sa kasuwa ta yi albarka.

Cibiyar da aka yi taron tana bayan gari, cikin itatuwan kwakwar manja. Ɗaki mai tsabta, gidan sauro, fanka. Karin kumallo wani dogon burodi mai tauri kamar sanda da baƙin kofi, kwana biyu ina mafarkin koko da ƙosai. Da rana akasa, ɗan'uwan agidinmu, da soyayyen kifi da daƙaƙƙen barkono, wannan kam na ci na gode. Daga sha biyu da rabi zuwa uku kuwa gari mutuwa yake yi, shago a rufe, ofis a rufe, kowa ya tafi ya kwanta. Mu a Abuja wa ya ba ka? Sai gaisuwarsu. Ranar farko wani Bafaranshe mai furfura ya nufo ni da kumatu zai manna a nawa, na yi baya na take ƙafar mai raba shayi. Daga ranar, in ya hango ni sai ya dafe ƙirji ya rusuna tun daga nesa, har muka zama abokan wasa. An kuma kai mu wani tsohon masallaci a cikin gari da ginin ya fi kama da coci, sai da na ji kiran sallah na yarda na cire takalmi.

Shugabar taron wata farfesa ce daga Senegal, Madam Awa, ta kai sittin, da ɗaurin ɗankwali kamar za ta biki. Ta san Malam tun suna ɗalibai a Turai. Ranar Talata tana tsakiyar lacca a kan yadda baƙin rami ke tsiyayar da zafinsa har ya ƙare, sai wata ɗalibarta 'yar Kamaru, wadda ba ta kai ƙanwata ba, ta ce daga kujerarta, ko hannu ba ta ɗaga ba, "Layin nan ba daidai ba ne." Madam Awa ta ja baya ta ƙura wa allo ido, ta goge da gefen hannu, ta gyara, ta ce ta gode, ta ci gaba. Babu wanda ya ko waiwaya. Da rana na gan su tare suna cin kifi a faranti ɗaya.

Duk da haka, ranar Alhamis da aka kira ni, da niyyar karanta aikin Malam yadda yake na hau. Na ce a raina ni 'yar aike ce, ɗan aike kuwa ba ya gyara saƙo. Mutum kusan arba'in a ɗakin. Na ɗauki alli, na zana iyakokin nan biyu, na rubuta zafin kowacce da entirofinta, layi na bin layi. Da na iso na sha bakwai hannuna ya tsaya. Alamar tarawa tsaye ce da kwance, na ja kwancen, na kasa jan tsayen. Na tuna ɗalibaina na sakandare da nake yi wa faɗa kullum kada su rubuta abin da suka san ƙarya ne don a ba su maki.

Madam Awa ta ce, "A takardar da na karanta tarawa ce a nan."

Na ce, "Haka ne, Madam. Amma ɗebewa ce daidai."

Wani daga baya ya tambaya ko ina nufin malamina ya yi kuskure. Na ce a wannan layin, eh. Na ƙarasa lissafin da sabuwar alamar, sakamakon Malam ya rushe a gabansu da hannuna. Na zaci za su yi dariya ko su raina shi. Ina! Sai suka taso suka kewaye allon. 'Yar Kamarun nan ta karɓi alli, Bafaranshen ya karɓe daga hannunta, aka shiga gardamar in daidaiton ya karye ina zafin yake gudu, kuma jimillar entirofin iyakokin biyu ta ƙaru da nawa kafin ramin ya ƙare. Minti talatin aka ba ni, muka ci awa ɗaya da rabi, har aka manta da shayi. Ban taɓa jin daɗin fiziks irin na ranar ba, kuma ban taɓa jin kunyar jin daɗi irin haka ba.

Da aka watse Madam Awa ta riƙe hannuna, ta yaba, ta ce hanyar da Malam ya shimfiɗa tana da kyau, gyaran ma sai ya fi fito da ita. Sannan ta tambaye ni me ya ce da na nuna masa. Na ce ban nuna masa ba. Ta sake ni, ta dube ni ta saman tabarau.

"Wato abin da kika ɓoye wa mutum ɗaya da ya yarda da ke, kin faɗa wa baƙi arba'in."

Na roƙe ta kada ta kira Malam, kada kuma a sa hoton laccar a intanet sai na isa gida. Ta ce ta ba ni kwana huɗu, don ita ma abokinta ne, ba za ta zauna da maganar ba. Na gode mata da wannan faɗan har gobe.

Ban tsaya liyafar rufe taro ba. Komowar ba ni da abin faɗa a kanta, ban ga hanya ba, ban ji yunwa ba, sai jera kalmomi nake a raina ina rushewa. Ranar Lahadi da hantsi na shiga Karu. Hajiya ta kawo min ruwa, ta ce tun jiya yake tambaya ko na iso. Yana zaune a falo a kujerarsa, fuska ta nufi ƙofa. Na durƙusa na gaishe shi, ya jiki, ya ido, ya gida, na ja gaisuwar har ta ƙare min. Ya ce in ba shi labari, sun karɓi aikin?

Na ce, "Malam, akwai kuskure a layi na sha bakwai. Ɗebewa ce, ba tarawa ba. Haka na rubuta musu a allo."

Sai ya ce in karanto masa daga layi na sha biyu, a hankali. Ina karantawa yana zana lissafin da yatsa a kan gwiwarsa. Da na kai wurin ya ce in maimaita. Na maimaita. Yatsan ya tsaya. Ya yi salati a hankali, ya ce katangar ai matsowa take yi, shi da ya koyar da wannan shekara ashirin. Har ya yi ɗan murmushi, na fara sakin numfashi. Sai ya tambaye ni a can na gano, ko wani ne ya nuna min.

Da na so, da na ce a can ne. Babu mai ƙaryata ni. Na ce masa wata takwas ke nan da na gani.

Ya juya watannin a ransa, na ga leɓensa na motsi. Murmushin ya tafi.

"Wata takwas, Hajara. Lokacin ina gani." Ya juyo da fuskarsa wajena. "Da kin faɗa min, da da idona zan ga kuskurena, da hannuna zan gyara shi. Kin ji kunyata, kin bar ni ina yawo da shi a gaban mutane."

Na yi kuka irin wanda ban yi ba tun rasuwar mahaifina. Na ce ya yafe min. Bai ce ya yafe ba, bai kuma ce bai yafe ba. Ya bar ni na yi mai isata, Hajiya na tsaye bakin ƙofa ta rasa wanda za ta ba haƙuri. Sannan ya ce a miƙo min biro da takarda, za mu rubuta wa mujallar.

"Tashi ki hau kujera, ba a rubutu a durƙushe," in ji shi. "Rubuta: ni na yi kuskuren, ɗalibata ta gano shi."

Na rubuta. Ya ce in karanta masa ya ji, kuma in na ga wani abu ba daidai ba a wasiƙar, in faɗa yanzu.